Amanar da Ja'afaru Ya Riƙe

Ranar da Huraira ta fara ganin Ja'afaru, kuka take yi. A ofishin sauraron koken ɗalibai na jami'arsu ne, inda yake aiki. Ya miƙo mata ruwa ya ce, "Duk abin da kika faɗa a nan, a nan zai tsaya."

Ta faɗa, aka share mata hawaye, kowa ya kama gabansa.

Sai bayan ta gama karatu suka sake haɗuwa a motar Birnin Gwari. Ashe ɗan gari ne! Kafin mota ta fita daga daji, gogan naka ya karɓi lamba. Kan ka ce kwabo ya zama "Sanyina", ita kuma "Hurairata".

Tasi'u ɗan baffanta, wanda ya nemi aurenta ta ƙi, shi ya kai wa mahaifinta, Malam Shafi'u, gulma. Wai an sha ganinta a ofishin nan, kuma mai abin kunya ne ke zuwa can. Kai, Tasi'u!

Malam Shafi'u ya kira Ja'afaru zaure. "Me 'yata ta faɗa maka?"

"Baba, ka gafarce ni. Amana ce."

"Ni da na haife ta?"

"Ko kai ne, Baba."

"To tashi. Babu aure."

Yana fitowa, sai ga saƙonta: "Sanyina, ka faɗa masa mana, na yarda. Ba zan iya rasa ka ba."

Ya amsa: "Hurairata, wallahi ina sonki kamar raina. Amma labarinki ne, daga bakinki ya kamata ya fito. In na buɗe baki yau, gobe wace ɗaliba za ta yarda da mu?"

Ta yi fushi, ta sha kuka, sannan ta je ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta ce wani malami ne ya riƙe mata sakamako don ta ƙi ba shi kanta. Tsoron kada a cire ta daga makaranta ya sa ta ɓoye wa gida.

Idanun dattijon suka kawo ruwa. "Ke kaɗai kika ɗauki wannan kayan, Auta?"

Washegari ya aika a kira Ja'afaru. "Na tsorata ka da abin da ka fi so, ba ka saki ba. Turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Malam Shafi'u ya riƙo hannun ango gaban jama'a ya ce, "Yadda ka rufa mata asiri tun ba ta zama taka ba, Allah ya rufa muku naku."

Ja'afaru ya ce amin cikin hawaye.