Man Shanun Ƙarshen Wata

Ranar ɗaya ga wata, a gidan Ammi, tsohuwar da kowa ke kira haka, wato Mama, a birnin Multan, ba a karya kumallo sai an miƙa jakar cefane. Ammi ta zauna a kan gadonta na igiya a tsakar gida, ta zaro jakar daga ƙarƙashin filo, ta ɗora ta a tafin Ruksar, matar ƙaramin ɗanta Taukir.

"Rupi dubu saba'in, kamar kullum. Watanki ne, 'yata. Ki kai mu talatin yadda kika saba."

"In sha Allahu, Ammi."

Shagufta, matar babban ɗan gidan, tana gefe tana taje wa 'yarta kai. Jin wannan "yadda kika saba" ya sa ta fizgi gashin har yarinyar ta ƙwalla ƙara.

Ƙa'idar gidan ita ce faccalolin biyu su riƙa karɓar kicin wata-wata. Rabin kuɗin daga Dubai yake zuwa, wurin mijin Shagufta, rabi kuma daga albashin Taukir na koyarwa. Idan watan Shagufta ne, satin farko biki ake yi: kaza yau, kifi gobe, jibi a yi odar fiza. Kafin ashirin ga wata miyar wake ta tsinke, har mutum ya leƙa kwano ya gyara gashin baki. Idan watan Ruksar ne kuwa, babu biki, babu yunwa, kuma a satin ƙarshe, lokacin da maƙwabta ke aron albasa, sai ga gurasa tana naso da man shanu, ƙamshi har bakin titi.

Asirin ba wani babba ba ne. Kullum da safe mai madara yana kawo lita uku ta ɓaunar gida. Ruksar ta tafasa, ta bari ta huce, ta yaye yanar nan mai kauri da ke kwanciya a sama, ta zuba a roba ta tura can ƙuryar firiza. A jikin robar ta rubuta "garafuni", don ta san ko mayunwaci ba zai buɗe ba. Idan ta taru sai ta soye ta, ta zama man shanu. Ba ta taɓa sayen ko cokali ɗaya ba. Ɓoyewar kuma dole ce, domin Ammi ba ta da abin alfahari kamar shayinta. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ji: "Mu nan gidan ba ma yaye madara, 'yar'uwa. Wannan aikin matsiyata ne!"

Shagufta ba jakar kaɗai ke cin ranta ba. Shekara biyu rabonta da mijinta sai ta waya, ga Taukir kullum ya dawo makaranta da ɗan furen yasmin a aljihu, ya leƙa kicin yana wani "Me sarauniya ta dafa mana?" Kowace kalma kamar a kan ƙirjinta take sauka.

Ran nan da la'asar ta tare shi a zaure yana kafe babur. Ta karyar da kai, ta sirantar da murya, irin wadda take yi idan za ta yanka mutum.

"Taukir, ƙanina, ni fa ba na son gulma, ka sani..."

"Na sani, Bhabi," ya ce, yadda ake kiran matar wa.

"Kilo ɗayan man shanu nawa ne a kasuwa? Kai malami ne, yi lissafi. A dubu saba'in ɗin nan? Hmm! Duk ranar da ta je gaida iyayenta, ka taɓa duba jakar da take dawowa da ita? Ni dai tausayinka nake ji. A ce namiji kamarka, surukai ne ke shafa masa mai a gurasa! Unguwa fa ta fara magana."

Unguwa ba ta ce komai ba. Amma Taukir mutum ne da ƙarancin albashinsa ya daɗe yana yi masa ciwo, ga shi mahaifin Ruksar yana da shagon yadi har biyu. Maganar ta shige shi ta zauna.

Bai tambayi matarsa ba. Furen ne ya fara ɗaukewa, sai leƙen kicin. Da satin ƙarshe ya zo ta ajiye masa gurasa mai mai, ya ture farantin.

"Ba ni busasshiya. Da albasa."

"Lafiya? Cikinka ne?"

"Cikina ƙalau. Abin da guminna ya saya nake son ci."

Ruksar ta koma kicin ta tsaya gaban murhu, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ta juya maganar ta kowace fuska ba ta gane kanta ba. Kwana huɗu yana cin gurasa da albasa, kwana huɗu Shagufta na yawo a tsakar gida tana 'yar waƙa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa ya zauna a kan shimfiɗar cin abinci. Ammi ta gutsiri gurasa ta lumshe ido.

"Ashirin da takwas ga wata, ga mai har gwiwar hannu! Allah ya yi miki albarka, Ruksar."

"Amin," in ji Shagufta, "ya kuma ƙara wa shagon yadi kasuwa."

Taukir ya ajiye albasarsa, ya dubi matarsa.

"Ruksar, a gaban Ammi zan tambaye ki. Man nan daga gidanku yake? In daga can ne, ki haɗa kayanki in kai ki yau. Ki zauna can har ranar da zan iya ciyar da ke da kaina."

Sai yanzu ta gane. Ta dubi mijinta, ta dubi Ammi da kofin shayinta. In ta yi shiru, ta rasa shi. In ta faɗi gaskiya, ta tozarta tsohuwa a kan abin da ta fi taƙama da shi. Ta miƙe, ta buɗe firiza, ta dawo da robar ta ajiye a tsakiyar shimfiɗa, ta cire murfin.

"Ga gidanmu nan," ta ce, tana kuka. "Madararka ce, kuɗinka ne. Yanar nake yayewa kullum. Ko ƙwayar shinkafa ban taɓa ɗaukowa daga wurin Abbana ba. Da ka tambaye ni tun ranar farko, da na faɗa maka!"

Taukir ya sunkuyar da kai. Ammi kuwa ta dafe ƙirji.

"Yana? Yanar madarata?! Innalillahi! Wata nawa ina ɗura wa baƙi ruwan wanke tukunya ina cika baki? Ni za ki mayar abin dariya a unguwa? Kawo jakar! Shagufta, karɓi. Daga yau kicin naki ne, ba sauran karɓa-karɓa!"

Ruksar ta ɗauko jakar da ragowar rupi dubu uku a ciki, ta miƙa da hannu biyu. "Ki yafe mini, Ammi. Na yi kuskure da na ɓoye miki."

Da yamma Taukir ya same ta a saman soro tana kwashe shanya. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Sori, Ruksar. Wallahi kunya ce ta rufe mini ido. Bari in je in roƙi Ammi ta dawo miki da..."

"Kar ka je. Jaka ba ta dame ni ba. Kai ne ka dame ni, da ka ji magana a zaure ka kasa hawowa sama ka tambaye ni."

"Ba zan ƙara ba."

"To kama bakin zanin gadon nan mu ninke. Kuma ka daina cin albasa haka, ɗalibanka na shan wahala."

Sabon wata ya kama, Shagufta ta shiga kicin kamar amarya. Yanar madara ta koma kan shayi, kauri har cokali na tsayawa. Man shanu kuwa sai na kanti, gwangwani guda ya lashe kuɗin cefanen kwana uku. Ta yi wa ƙawayenta walima don su ga wace ce uwar kicin yanzu. Ruksar kuwa tana ta wanke-wankenta.

Ranar sha tara ga wata ta shiga ɗebo ruwa, ta tarar da Shagufta zaune a ƙasa, jaka a buɗe a cinyarta, ido ya kumbura.

"Zo ki yi dariya," in ji Shagufta. "Dubu huɗu suka rage, ga kwana goma sha ɗaya. Na kira mijina, ya ce kamfaninsu bai biya ba, har ya yi mini tsawa. Ke naki yana kawo miki fure, ni nawa ko 'ya kike' sai na roƙa!"

Ruksar ta ajiye kofin ta zauna kusa da ita.

"Share hawayenki, Bhabi. Gari nawa ya rage?"

"Rabin buhu."

"Ai mun tsira. Kar ki ƙara sayen kayan miya da safe, ki bari sai mai kura zai tashi, rabin kuɗi yake bayarwa. Nama pao ɗaya, wato kwatan kilo, in ya sha dankali sai ya ciyar da mu duka. Gurasar jiya kuma ba ta kaji ba ce, da ƙwai biyu ta zama karin kumallo."

"Bayan abin da na yi miki?"

"Cikin da zai kwana da yunwa har da na 'yarki. Tashi mu auna waken."

Suka kai talatin da ƙyar, da rupi tamanin a jaka. Da safiyar ɗaya ga wata Ammi ta miƙo kuɗi, Shagufta ta mayar da hannunta baya.

"Ammi, ba ni na kai mu ba, ita ce. Maganar gidansu kuma ni na ƙirƙira, kishi ne kawai. Ki ba ta."

Ammi ta yi ta kallonsu, tana taɓe baki. Ita ma kwana goma sha ɗayan nan ta ga abin da ta gani ta tagar kicin.

"Zo nan, ɓarauniyar yana," ta ce daga ƙarshe, ta damƙa wa Ruksar jakar. "Sharaɗi ɗaya: ki ɗebar mini kofina da na baƙi kafin ki yaye. Sauran, ki yi yadda kika ga dama. Ke kuma ki tsaya kusa da ita ki koya."

Taukir ya yi dariya har ya ƙware da shayi, Ammi ta ɗaka masa duka a baya fiye da yadda ƙwarewar ke buƙata.

'Yan'uwana mata, ku duba nan: kishi bai ƙara wa Shagufta ko rupi ɗaya ba, kwana sha tara kawai ya kai ta. Haƙurin Ruksar ya dawo mata da mijinta da mutuncinta, har ya mayar da mai ƙinta 'yar'uwa. Sai dai dabara komai kyanta, kar a ɓoye wa mutanen gida. Ku kuma maza, in an tare ku a zaure da magana, ku ƙarasa ciki ku tambayi matanku kafin ku ture faranti.