Ki Dawo da Shi Jibi

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Rufa'i ya zagaya ta bayan gidansa riƙe da tukunyar ruwan zafi. Ba wani dogon aike ba ne. Daga madafa zuwa gindin tsamiya, ko tsohuwa mai sanda ba za ta tsaya hutawa ba.

Rufa'i shi ne malamin asibitin Ɗansoshiya a wancan zamani, in dai za a kira ɗaki guda da benci da kabad asibiti. Ya yi makarantar koyon aikin lafiya a Kano, ya dawo da takardar shaida da kuma ra'ayin cewa yawancin abin da mutane ke kira iska, zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai. Bai cika faɗar haka a fili ba, don yana son zaman lafiya da tsofaffin gari.

A ranar, bayan la'asar, matarsa Barakatu ta sa hannu cikin ƙirare za ta ɗebo na girki, kububuwa ta sare ta a yatsa. Kafin a jima hannun ya kumbura har gwiwa. Da ya ɗaga leɓenta ya ga jini na tsattsafowa daga dasashi, ya san abin da ke biye, don shi ya sha gaya wa dangin wasu. Allurar dafi tana babban asibiti. Shekarar kuwa ita ce wadda fetur ya yi ɓatan dabo. Babur ɗinsa ya daɗe jingine da bango har kaji sun mai da shi wurin kwana, motocin kasuwar Yako ma sun daina leƙowa. Motar da ta rage da mai ita ce ta ɗaukar marasa lafiya da ke sakatariya, kuma hanyar kiranta ɗaya ce: na'urar oba-oba.

Na'urar tana zaurensa, domin ƙofar asibitin ko akuya ta ture ta buɗewa take. Akwatin ƙarfe ne mai cin batir ɗin mota, da busta mai ƙara mata ƙarfi, da waya da ta bi ta taga ta hau gora, gorar kuma an ɗaure ta can ƙololuwar tsamiya. A ɗaya ɓangaren akwai Lado, mai kula da na'urar sakatariya, wanda ba ya shiri da Turanci. Shi ya fassara musu kalmomin kira zuwa Hausa. In kana neman mutum sai ka ce masa "shigo", in ka gama magana ka ce "oba". Lado mutum ne mai tsare lokaci ta fuska ɗaya: da an kira magariba yake danna kwaɗo ya tafi gida.

Tun da abin ya faru Rufa'i ke fama da na'urar, ita kuwa ba ta ba shi komai sai shuuu, kamar ana sheƙar gero. Ya kankare kan batir da wuƙa har ya yi ƙyalli. Ya zare fis ya ɗaga shi a haske, lafiyarsa ƙalau. Ya bi waya taku-taku ya sami inda ɓera ya ɗanɗana, ya yanke ya haɗa ya naɗe da leda. Ya hau tsamiya ya juya eriya ta fuskanci arewa, ya sauko da ƙuje a ƙirji. Jar fitilar busta tana kamawa, ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta mutu. Tsakanin kowane gwaji sai ya ruga ɗaki ya duba Barakatu, ya tarar kumburin ya ƙara hawa.

Abu ɗaya ya rage, wayar ƙasa. Wanda ya kafa na'urar ya buga wani rodi a gindin tsamiya ya ɗaura masa waya, ya ce in bazara ta busar da ƙasa na'ura za ta kurumce, maganinta a jiƙa gindin rodin da ruwan gishiri. Bazarar kuwa ta bana ta gasa ƙasa har ta tsattsage.

Gishiri ya fi saurin narkewa a ruwan zafi. Wannan ilimi ne, ba mai musu. A kan murhu akwai tukunyar da Inna, mahaifiyar Barakatu, ta ɗora, tana tafasa. Ya juye gishirin gidan duka a ciki ya sungume ta da tsumma.

Inna ta gan shi. Amma suruka ba ta kallon surukinta ta ce masa kul. Sai ta juya ta fuskanci bango, ta yi maganar ƙasa-ƙasa kamar da randa take.

"A dai yi bismilla. Almuru ne, akwai masu ƴaƴa a waje."

Shi kuma suruki ba ya tsayawa sauraron surukarsa. Ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri, kamar yadda tarbiyya ta ce.

Ya kwarara ruwan gaba ɗaya a gindin rodi.

Ƙasa ta yi cuuu, tururi ya tashi. A cikin ƙarar akwai wata siririya, kamar an taka ɗan kyanwa. Tsuntsayen da ke hayaniyar kwana a tsamiyar suka yi tsit lokaci guda. Sai wani ƙauri ya bugi hancinsa, ba na ganye ba, ba na ƙasa ba. Ya yi aiki a ɗakin ƴan ƙuna a Kano. Ya san ƙaurin.

Ya ce a ransa ƙadangare ne, ya koma zaure a guje.

Fitilar busta ta kama jajir, ba ta ƙyaftawa. Shuuu ɗin ya ɗauke. Tun da aka kawo na'urar bai taɓa jin ta wasai haka ba. Ya fizgi abin magana.

"Sakatariya, sakatariya, Ɗansoshiya ke kira. Lado, shigo. Oba."

Shiru. Can cikin shirun wani yana numfashi.

"Shigo, don girman Allah. Oba."

Muryar mace ce ta amsa, a hankali, kusa ƙwarai.

"In shigo?"

Ya ɗauka wata ma'aikaciya ce Lado ya bar wa na'ura. Ya ce ta shigo, ta shigo, rai ne a hannun Allah.

"Kai ka ce."

Asabarin ƙofar zaure ya ɗaga. Ya tsaya a ɗage daidai tsawon mutum mai sunkuyawa. Ya sauka.

Babu iska a ranar. Ko ganye ba ya motsi.

Bencin da marasa lafiyar dare ke zama ya yi ƙara, ya lotsa a tsakiya. Ƙaurin nan ya cika zauren. Harshen fitilar ƙwai ya kwanta gefe guda ya ƙi tashi.

"Malam," in ji na'urar, "an ƙona mini yaro."

Rufa'i ya buɗe baki ya kama Ayatul Kursiyyu. Ya kai tsakiya, ta kuɓuce masa. Ya koma farko, ta sake tsinkewa a wuri ɗaya.

"Mu ma Musulmi ne," in ji muryar. "Ƙarasa. In ka manta in tuna maka."

Daga masallacin gari ladan ya yi gyaran murya a lasifika. A can sakatariya, Lado yana laluben kwaɗo ke nan.

Rufa'i ya durƙusa a gaban bencin da ba kowa a kai. Ya yi rantsuwa bai sani ba, bai gani ba. Ya ce matarsa na ciki jini na zuba, a bar shi ya yi kira ɗaya tak, bayan nan a yi masa duk abin da aka ga dama. Yana magana yana jin nishin Barakatu ta bango, da muryar Inna tana yi mata addu'a da Fulatanci.

"Taka tana ciki, nawa yana nan. Kai ne malamin asibiti. Wa ya riga zuwa benci?"

Wani abu ƙarami ya yi shessheƙa a gefenta.

Wannan shessheƙar ce ta tashe shi, ba jarumtaka ba. Hannu yana da nasa karatun. Ya jawo akwatin magani, ya ciro auduga da kwalbar shuɗin maganin nan na ƙuna da ake kira jibi. Ya tsoma audugar. Ya miƙa hannu cikin iska.

Audugar ta tsaya a kan wani abu.

Abin yana da taushi. Yana da zafi. Ya zabura da aka taɓa shi.

Ya shafa. Inda maganin ya bi, sai siffa ta fito, shuɗiya, tana rataye a sarari. Ƴar kafaɗa. Ya sake tsomawa. Damtse, siriri kamar sillen kara. Gwiwar hannu. Ya ci gaba ƙasa.

Wata gwiwar kuma.

Bai tsaya ba. Ya yi wuyan hannu, ya yi tafi. Ya fara yatsu, ya ga abin ba ya ƙarewa, ya daina kallo.

Ladan ya ce Allahu Akbar.

Ya yi baya, ya yi haƙarƙari. Shuɗin yaron yana ɗagawa yana sauka da numfashi. Maganin ya kusa ƙarewa. Ya ce an gama.

"Saura fuska."

Ya rufe ido. Ya laluba. Goshi. Kunci. Audugar ta bi ta kan fatar ido, sai ya ji tsagar ba a kwance take ba. A tsaye take.

Gashin idon ya share masa yatsa.

Kwalbar ta suɓuce ta fashe.

"Madalla," in ji muryar. "Yanzu kawo hannun da ya zuba ruwan."

Bai miƙa ba. Kama shi aka yi. Yatsu suka zagaye wuyan hannunsa na dama, suka zagaye, suka sake zagayewa. Zafi ya fara shiga, irin na ƙarfen da aka manta a wuta. Ya ji ƙaurin kansa.

Ladan ya kai ƙarshe.

Ya so ya yi ihu, ba murya. Ya so ya roƙa, roƙo ya ƙare. Abin da ya rage a bakinsa shi ne abin da yake gaya wa kowace uwa a kan wannan benci, har cikin barci yana iya faɗa.

"Kada ruwa ya taɓa wurin. Kada ya sosa. Ki dawo da shi jibi a wanke a sake sa magani." Ya dubi hannun da aka riƙe. "Da wannan hannun nake wankewa."

Zafin ya tsaya inda ya kai.

"Jibi," in ji ta.

Yatsun suka warware ɗaya bayan ɗaya. Benci ya miƙe. Shuɗin abin nan ya tashi sama, ya kwanta a kan kafaɗar da ba a gani, kamar yadda ake saɓa yaro mai barci. Rufa'i ya kafa idonsa a ƙasa har asabari ya ɗaga ya sauka.

Na'urar ta yi kakari, shuuu ɗinta ya dawo, a cikinsa kuma muryar Lado, yana haki yana mita. Wai har ya danna kwaɗo ya hau keke, ya ji wata mata tana ta kiran sunansa daga cikin ofis, da sunan babansa ma, wanda ko a takardar aiki bai rubuta ba. Wace ce haka a Ɗansoshiya marar ta-ido?

Rufa'i ya ce a turo mota, kububuwa ce.

Motar ta iso bayan lisha. Barakatu ta rasa yatsan, ta tsira da sauran jikinta, ta rayu har ta aurar da jikoki.

Masu ilimi da suka ji labarin daga baya ba su rasa bayani ba. Sun ce in wayar ƙasa ta yi kyau, na'ura takan kwaso hirar wasu daga nesa, har daga Doguwa. Sun ce mutumin da ya ɗauki tafasasshiyar tukunya a guje ba abin mamaki ba ne ya ƙone a wuyan hannu, ko da yake ba su ce komai ba game da yadda ƙunar ta naɗe kamar igiya. Sun ce firgici yana sa a ga abin da babu. Duk gaskiya ne. Ni ma da aka tambaye ni haka na ce. Shuɗin ɗigon da aka gani da safe, daga zaure har gindin tsamiya, kaza ce ta taka maganin da ya zube. Kajin Rufa'i dai ba a ga mai shuɗiyar ƙafa ba, amma kaji suna da yawa a gari.

Shi Rufa'i bai yi gardama da kowa ba. Ya dai daina cewa "shigo" a na'ura, sai "ina jin ka", Lado ya yi mita har ya gaji. In Inna ta yi magana da bango kuwa, yakan rage sauri.

Ranar da jibin ta cika, ya baro Barakatu a babban asibiti tana barci, ya biyo motar sakatariya ya dawo gida. Ya ce kaya zai ɗauko. Kafin almuru ya cire wayoyin batir duka biyu, ya fitar da batir ɗin tsakar gida, ya naɗe wayar eriya ya jefa kan rufi. Sannan ya tsaya yana kallon akwatin ƙarfen da ba abin da ke haɗe da shi.

Ya share benci. Ya ajiye sabuwar kwalba da auduga. Mutum mai ilimi yakan shirya wa kowane hali.

Tsuntsayen tsamiya suka yi tsit.

Jar fitilar busta ta kama.

"Salamu alaikum, Malam. Mun zo wankin ciwo." Muryar ta ɗan dakata, kamar mai jin nauyi. "Maƙwabciyata ma ta biyo ni. Nata tari yake yi."