Ƙafar da Zaliha Ba Ta Janye Ba

Ta ga dutsen yana gangarowa.

Ta gan shi tun daga saman tudun, ta ji mata suna cewa a kauce, kuma tana da sararin janye ƙafarta. Ba ta janye ba.

"Zaliha!"

Almu ne, saurayin da aka sa musu rana bayan Sallah. Ya diro daga kan kamyon, babbar motar da suke lodawa, ya yage rawaninsa ya ɗaure mata ƙafar da ke jini. Ita kuwa, a tsakiyar wannan azaba, wani daɗi ne ya ratsa ta har ƙirji.

Sai ta ɗaga kai suka haɗa ido.

"Kin gan shi," in ji shi a hankali. "Ina kallonki, Zaliha. Kin gan shi kinka tsaya..."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, matan garin Ibohamane suna jidar duwatsu ana jera su a gangare don tare ruwan sama, ana ba su abinci. A wajen aikin ba wadda ta kai Zaliha. Ba ta zazzaɓi, ba ta ƙorafi, ko ciwon kai ba ya kama ta. Kowa yabonta yake yi, don haka ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji.

Ga shi ita ce 'yar fari. Innarta Mairamu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". Ba ta zama kusa da ita, ba ta yi mata kitso, ko dariya ba ta yi da ita a gaban mutane. Kunya ce, haka kowace uwa take yi, Zaliha ma ta sani. Amma sanin bai hana ta jin abin ba.

Sau ɗaya tak Inna ta ɗora ta a cinya, lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita tana ƙarama. Ta shafa mata goshi, ta ba ta kunu a baki. Da ta warke, Inna ta koma yadda take. Tun daga nan yarinyar ta riƙe a ranta cewa sai ka kwanta ake ganinka.

Almu ma haka ya zama. Yana sonta, amma ya saki jiki da ita ƙwarai. Ranar da rana ta bugi Cima ta faɗi a wajen aiki, Cima da duk gari ya san ta daɗe da sa masa ido, shi ne ya kawo ruwa ya yi mata fifita. Da yamma a bakin rijiya, baki ya suɓuce wa Zaliha.

"Ni ma dai Allah shi ba ni wani ɗan ciwo, ko na san ana so na."

Cima tana bayanta tana jan guga.

To, ciwon ya samu. Lokotoro, wato likita, ya ɗinke ƙafar ya ce ta kwanta. Kafin a kawo ta gida, Cima ta riga ta kai maganar rijiya wajen Tabawa, mahaifiyar Almu, har da ƙari.

"Wagga ɗiya da ka kiran masiha da bakinta?" in ji Tabawa. "Gobe ta kira ma ɗana ita. Ba cikin gidana ba."

Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowace sai ta kalli ƙafar sannan ta kalli fuskarta. Zaliha ta juya wa bango fuska. Abin da ta daɗe tana fata ya zo, ga sannu daga kowane baki, amma kowace sannu kamar mari take jin ta. Ga ƙannenta an rage musu tuwo saboda rabon abincinta ya tsaya.

Almu kuwa bai zo ba.

Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta kasa kunne, kuma ba shi ba ne.

Wata safiya Inna ta shigo wanke mata ƙafar. Ta daɗe tana yi, sannan ta yi magana tana kallon ƙwaryar ruwan.

"Gaskiya na abin da anka ce?"

"Gaskiya na, Inna."

"Don mi?"

Kuka ya ƙwace mata.

"Kin tuna sa'ad da nay yi ƙyanda? Ban sake jin hannunki ba sai yau..."

Inna ta matse tsumman, ta ɗaure ƙafar, ta fita. Zaliha ta ja zane ta rufe kanta, ta ce yau kam ta gama zubar da kanta. Amma can sai Inna ta dawo da tsinken kitso da man shanu, ta saki labulen ƙofa don kada a gani.

"Taho nan. Kan ga naki ya yi kamar sheƙa."

Ƙafar ta warke, ta bar tabo. Ranar da Zaliha ta fara ɗaukar tulu, kanta a sunkuye ta tafi rijiya, don ta san ana nuna ta. A ƙarƙashin gawon da ke bakin hanya ta ga mutum a tsaye.

"Sannu da ruwa," in ji Almu.

Ta so ta wuce, ƙafarta ta ƙi.

"Na san ka hwasa. Ba ni ganin laihinka."

"Wa yac ce na hwasa?"

"Ba ka zo dubiya ba..."

"Ban zo ba. Kullum ina bin bayan gidanku, in tambayi Babanki yadda kike in wuce." Ya share fuskarsa da gefen riga. "Da na shigo kina kwance, da kin ce dutsen ga ya yi miki aiki. Wata rana sai ki nemi wanda ya hi shi girma."

Ta sa hannu ta rufe fuskarta.

"Kunya nika ji, Almu. Ba ni iya kallonka."

"Ni ma ita nika ji, Zalihata. Ina ganinki tsaye kullum, ban taɓa cewa ki zamna ba."

"Inna Tabawa hwa?"

"Mun sha magana. Ta ce sai ta ga kin dawo aiki da ƙahwarki. Na ce mata ta shirya, don ranar aurenmu ba ta tashi."

Ya kalle ta sosai, yadda bai taɓa yi ba.

"Yanzu gaya mini. Akwai inda ka miki ciwo?"

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Lahiyata lau."

"Madalla," in ji shi, ya sauke tulun daga kanta ya saɓa a kafaɗa. "To yau na zo dubiya."