Ƙafar Hagun Muzammil

Alhaji Gado na kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin darbejiya, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe daidai gwiwa, inda likitocin Wad Madani suka yanke saboda ciwon suga. Yayarsa Goggo Indo na gefe tana suyar gahawa. Mahaifiyarsu, Haboba Ruqaya, tana jan carbi da idanu a rufe, kunnuwa kuwa a buɗe warai. A haka Muzammil ya yi sallama, ya durƙusa.

Kowa a ƙauyen nan na gefen Suki, a ƙasar Sudan, ya san abin da ke kawo shi: Widad, autar Alhaji. Kowa kuma ya san Goggo Indo ta riga ta yi wa ɗanta Hashim, direban lori, kamun yarinyar a zuciyarta.

"Mai raksha ne," in ji Goggo Indo, ba ta ko ɗago kai ba. "Taya ukku, kamar murhu."

"Yaya, bar shi shi gaishe ni." Alhaji ya nuna tsohuwar boksinsa, farar a-kori-kura da ta shekara a tsaye tun da aka yanke ƙafar. "Muzammil, ka iya wagga?"

Da Muzammil ya ce a'a, da an wuce wurin. Amma ya hango inuwar Widad a bayan labulen ɗaki, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Baba, ni da mota ai tun ina goye. Na taɓa kai lori Damazin da ribas, don giyoyin gaba sun ƙi shiga."

"Ma sha Allah. To ga makulli, matsar min da ita inuwa."

Shekara tara Muzammil na tuƙa raksha, ba a taɓa jin ya goge ko akuya ba. Sai dai ita raksha kulocinta a hannun hagu yake, totur a hannun dama, ƙafar hagu kuwa fasinja ce da ba ta taɓa yin aikin komai ba. Yana zama sai hannunsa ya lalubi abin matsewa a gefen sitiyari, ya damƙo sandar sigina. Fitila ta hau ƙyaftawa. Ya murɗa makulli mota na cikin giya, boksi ta yi tsalle ɗaya kamar an tsikari jaki, ta ture akurkin kaji, ta mutu.

Goggo Indo ta yi dariya har gahawarta ta ƙone. Alhaji bai yi ba.

"Zo nan, ɗana. Ƙarya ka yi mini, kuma ban so ba. Amma saurara. Ni ba zinari nika nema ga mijin ɗiyata ba, ƙafar hagu nika nema. Kowane wata sai na tahi asibiti Madani, dawar hawashata, gonata ta noman ruwa, kuma ba ta kai kanta kasuwa. Kwana arba'in sunka rage a yanke dawa. Ranar za a loda wa motar nan buhu, ka hau da ita gangaren tur'a, ka tsaya a tsakiya. Za a aje randa bayan taya, yadda ubangidana ya gwada ni. Ka tashi ba ka fasa ta ba, in ba ka Widad. Ka fasa, in saurari maganar Yaya."

Gangaren tur'a ba baƙon kowa ba ne. Hanyar fita ƙauyen tana hawa gaɓar babbar magudanar ruwan noma kafin ta kai gada, a miƙe kamar bangon ɗaki. Birkin hannun boksin kuwa ya mutu tun Widad na rarrafe.

A zaure Widad ta tare shi, idanunta jawur.

"Damazin da ribas, ya Usta, gwanin direbobi?"

"Widad, bakina ne..."

"Na san bakinka, shi na fara so. Amma yau ya kusa kai ni ɗakin Hashim." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Gobe bayan la'asar ka zo fagen sussuka. Ni zan koya maka."

"Ke?"

"Shekara goma sha biyu ina zaune gefen Baba. Ranar da ƙafarsa ta fara ruɓewa, wa kake zato ya fitar da shi har bakin kwalta?"

Budurwa ba ta zama a mota da saurayi su biyu, don haka Widad ta ɗauko Haboba. Aka dasa tsohuwa a tsakiya da carbinta da maficinta, sandar giya a jikin gwiwarta. Alhaji Gado ya ga an ɗauki makulli daga ƙusa, ya juya fuska bango, ya ƙirƙiro minshari.

Ranar farko mota ta mutu sau ashirin da uku. Haboba ce ta ƙirga da carbi.

"Taka kuloci har ƙasa," in ji Widad. "Har ƙasa na ce, ba shafa ba. Sa ta ɗaya. Yanzu ɗago ƙafar a hankali."

Ya ɗago gaba ɗaya. Boksi ta zabura, kan Haboba ya gaisa da gilashin baya.

"Kai, jikan mai raksha, ni ba a yi mini kishiya da ƙarfe ba. In kashe ni za ka yi, bari in gama lazimi."

Da ya samu tashi, sai canjin giya ya zama sabon bala'i. Ya manta kuloci, giya ta yi ƙara kamar ana niƙan tsakuwa. Ya sunkuya neman ta uku da ido, mota ta nufi garken tumaki. Ya nemi ta biyu, ya kama gwiwar Haboba. Duk lokacin da ya ruɗe kuwa, hannun hagun nan sai ya damƙi sandar sigina, ƙafa ta yi kwance abinta. Haboba ta ɗauki wannan a matsayin aikinta: da hannu ya motsa, sai mafici ya sauka a kansa, tas.

Widad kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba. In mota ta mutu sai ta ce, "Ma'alesh, ba komai. Taka birki, mayar firi, tayar kuma." Ta faɗi wannan ya fi sau ɗari, na ƙarshe da taushin na farko. Muzammil, wanda ya saba a tashar raksha shi ne mai baki, ya zama mai sauraro. Kafin mako uku yana zagaya fage, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har Haboba na samun gyangyaɗi.

Gangare ne ya ƙi. Suka riƙa ajiye tsohuwar garwa a bayan taya maimakon randa. Da ya cire ƙafa daga birki zuwa totur, mota ta sulale, garwa ta yi kuka. Garwa goma sha ɗaya ya lanƙwasa. Masu shayi a bakin gada suka laƙaba masa Usta Mai Garwa. Goggo Indo kuma ta shiga zarya gidan ƙanenta da turare da atamfa, wai tsarabar Hashim ce daga Port Sudan, tana ajiye su inda Widad za ta gani.

"Ɗiyar ƙanena, na gida bai fi na waje ba? Hashim jininki ne, lorinsa taya goma."

"Goggo, Hashim yayana ne, ina girmama shi."

"Girmamawa ai ita ce aure. Saura kwana shidda, ki fara saba wa bakinki da sunansa."

Ranar Widad ta zo gangare fuska a kumbure. Muzammil ya gani, ya taka, ya lanƙwasa garwa ta goma sha biyu, ya kife kai a kan sitiyari.

"Halas, shi ke nan, Widad. Ƙafar nan ba tawa ba ce. Ki yafe mini."

Ta share hawayen da ya zubo mata, sannan ta ce, "Cire takalmin hagu."

"Mi?"

"Cire. Ka taɓa ba hawasha ruwa?"

"Tun ina yaro."

"In ka fasa bakin kwalbati gaba ɗaya, mi ke faruwa?"

"Ruwa shi kwashe shuka."

"To yaya kake yi?"

"In yaye laka kaɗan-kaɗan, har in ji ruwa ya fara turo hannuna, in tsaya nan."

"Kuloci ke nan. Kana sakin birki tun mota ba ta turo ka ba. Danne birki, rufe ido, ɗago ƙafar hagu kamar kana yaye laka. Muryar inji za ta yi ƙasa, hancin mota ya ɗaga. In ka ji haka, ka daskare nan. Ta riƙe kanta. Sannan ka kai ƙafar dama totur, ba gaggawa. Kada kuma ka cika mata wuta kana riƙe da kuloci, ƙona shi za ka yi, Baba na jin warin daga gida."

Ya rufe ido. Tafin ƙafarsa tsirara ya ji wani ɗan kakkarwa da takalmi ya ɓoye masa wata guda. Inji ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Ya saki birki, mota ba ta motsa ba. Ya taɓa totur, ta hau.

Haboba ta ajiye mafici a cinya. "Ashe da rai a ƙafar."

Ranar gwaji da hantsi, ƙauye ya watso bakin tur'a. An loda buhunan dawa har boksi ta zauna. Aka tallafi Alhaji Gado ya shiga gefen direba. Haboba ta ce ita za ta kawo randa, ta kuwa sa aka kawo ta a amalanke lulluɓe da buhu. Muzammil ya hau zuwa tsakiyar gangare, ya tsaya, ƙafa a birki.

"Ku matso da ita," in ji Goggo Indo. "Ƙara. Ai gwani ne, ya je Damazin da ribas."

Aka ajiye randa taƙi ɗaya daga taya. Sai Haboba ta dogara sanda, ta je ta yaye buhun.

Dariyar Goggo Indo ta tsaya a maƙoshi. Randarta ce. Wadda aka kai ta ɗakin miji da ita daga Wad Haddad shekara arba'in da suka wuce, mai koren gansakuka a gindi, wadda take rantsuwa ruwanta ya fi na firiji, wadda ko jikokinta ba sa taɓa murfinta.

"Inna, wannan ai tawa ce."

"Tawa ta tsage, ɗiyata. Ke kika fi kowa son a yi gwajin ga, na ce ladar ta zama taki."

A cikin mota, Muzammil ya hango taron ta madubi, ya ruɗe. Hannun hagu ya damƙi sigina, ƙafa ta kuɓuce, inji ya mutu. Boksi ta sulale kafin ya danne birki da duk ƙarfinsa. Tsakanin taya da randa bai wuce yatsa biyu ba.

Alhaji Gado ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. "Wuri ya ƙare maka, ɗana. Cika mata wuta, ka saki da ƙarfi, za ta haye. Kuloci shi ƙone, amma ba mai sani sai ni, ni kuma ba ni faɗi."

Muzammil ya dubi Widad, tana tsaye cikin mata, ta cusa gefen mayafi a baki.

"A'a, Baba. Na yi maka ƙarya sau ɗaya, ta ishe ni. Kuma malamata ta hana."

Ya mayar firi, ya ture takalmin hagu gefe, ya tayar, ya taka kuloci har ƙasa, ya sa ta ɗaya. Ya rufe ido.

Daga waje wata murya ta tsaga taron. "A hankali, ɗana! Don girman Allah a hankali, Muzammil ɗan albarka. Ya Latifu, ka riƙe masa ƙafa." Goggo Indo ce, hannuwa biyu a sama.

Muryar inji ta yi ƙasa. Hancin boksi ya ɗaga. Muzammil ya daskare nan, ya kai ƙafar dama totur kamar mai taka ƙwai. Mota ta ja buhunanta ta hau, sannu, ba ƙara, ba wari, har tayoyin baya suka taka gada.

Guɗa ta farko daga bakin Goggo Indo ta fito, tana rungume da randa. Sai da ta gama ta tuna wa take yi wa.

"Kun dai ji ta," in ji Haboba. "Ɗana ta ce, ɗan albarka ta ce, gaban shaidu. Wadda ta yi wa yaro addu'a ba ta komawa ta hana shi mata."

Goggo Indo ta dubi randa, sai dariya ta ƙwace mata. "Inna, Allah ya isa tsakanina da wayonki. Ku ba shi. Hashim ma da ya ji labari cewa ya yi in bar masa ƙanwarsa ta huta."

A kan gada Alhaji Gado ya sunkuyar da kai. Yana kallon ƙafar Muzammil tsirara a kan kuloci.

"Yaye laka ta ce maka, ko?"

"Haka ta ce, Baba."

"Ni na faɗa mata, tana da shekara tara. Ban zaci tana ji ba." Ya goge ido da hannun riga. "Ka turo manyanka Juma'a. Kuma ɗauke ƙafa daga kuloci in kana tafiya, ba matashin kai ba ne."

Bayan an gama sussuka aka ɗaura aure. Goggo Indo da kanta ta sa aka kawo wa amarya sabuwar randa daga Wad Haddad. Kowane farkon wata boksi na fita Madani da Alhaji a gaba, Muzammil ya tuƙa zuwa, Widad ta tuƙo dawowa. A tashar raksha kuwa yana gaya wa kowa cewa a kwana ɗaya ya koyi mota, sai in matarsa na kusa ya ƙara sauran talatin da tara.

Saurayin da ke neman 'yar mutane ya riƙe wannan: cika baki ya kusa raba Muzammil da Widad, abin da ya ba shi ita shi ne ya yarda bai iya ba, ya zauna aka koya masa, ya kuma ƙi hanyar ha'inci a lokacin da ba mai gani. Budurwa kuma ta dubi Widad, wadda ba ta yi wa ubanta tsaye ba, ba ta zagi goggonta ba, ta dai ce "tayar kuma" sau ɗari har Allah ya ba ta wanda take so.