Tunkiya Ɗaya, Bulala Hamsin

A zamanin da, mahukuntan Ingila sukan loda fursunoni a jirgin ruwa, su jibge su a wata ƙasa mai nisa. Cikinsu har da wani makiyayi da aka yanke wa shekara bakwai saboda ya kama zomo a gonar attajiri. Zomo ɗaya tak!

Aka tura shi daji kiwon tumaki, shi da wani fursuna tsoho mai gadin garke. Kullum tumaki, kullum shiru. Daga shi sai tsohon.

Saura wata guda a sallami makiyayin, tsohon ya yi gyangyaɗi, karen daji ya ɗauke tunkiya. Dokar wurin kuwa, tunkiya ɗaya bulala hamsin ce da ƙarin shekara guda.

Mai garken ya zo ya ƙirga, ya ce, "Laifin wa?"

Makiyayi ya dubi tsohon, ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

Da aka gama dukan, tsohon ya kawo ruwan gishiri yana kuka. "Ɗana, me ya kai ka?"

"Baba, hamsin za ta kashe ka. Wanke mini bayan, amma a hankali."