Fayil ɗin da ya ƙi karantuwa

Kwana tara da rasuwar yayanta Manu, Latifa ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ta baro karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai ta dawo Filinge, kullum tana ƙarƙashin rumfa da tsohuwar na'urarsa a cinya. Akwai fayil ɗin muryarsa a ciki, amma duk sanda ta buɗe sai faifan ya kasa karantowa, zuciyar tsarin na'urar kuma ta haɗiye kuskuren ta ce komai lafiya.

Ran nan magariba ta rufa tana bin layukan umarnin tsarin ɗaya bayan ɗaya. Awaki suka yi tsit. Ta ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon garin da ruwa wata biyu. Wata tsohuwa mai baƙin lulluɓi ta tsaya a bakin zana, babu sallama.

"Ɗiyata, mi kike biɗa ciki nan?"

"Inda kuskure ya ɓace, Inna," in ji Latifa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Bai ɓace ba. An dai kira wanda ba shi nan, aka amsa madadinai. Koma sama layi ukku."

Latifa ta koma. Ga shi kuwa, daidai inda aka manta a duba amsar faifan. Ta ɗago za ta yi godiya.

"Kak ki gyara shi," in ji tsohuwar.

Leɓunanta suna motsi sarai. Amma muryar, daga lasifikar na'urar da ke cinyar Latifa take fitowa.