Akwatin da Ya Tsaya a Sama

Rana ta yi ja lokacin da mai sito ya tsayar da mota a bakin ƙofa, ya miƙa wa Na-Sani makulli.

"Ba za ka shigo ba, ranka ya daɗe?"

"Ƙafata ke ciwo. Ka dai yi sauri kafin magariba."

Na-Sani ya taɓe baki. Ƙaton mutum, tumbi kamar randa, yana tsoron ɗakin ajiyar kayansa! Shi kuwa Na-Sani, abokan aiki ne suka laƙaba masa wannan suna, don ko labarin gidanku kake bayarwa sai ya gyara maka. Sana'arsa haɗa hoto mai motsi a kwamfuta. Yakan gina ɗaki da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, ya ba kowane abu nauyinsa, sannan ya rubuta umarnin da zai sake su su faɗo.

A cikin wannan siton ne akwatuna suka danne wani ɗan dako har lahira. Kowa ya san katakon kantar ya daɗe da ruɓewa. Amma mai sito hoto yake so, wanda zai nuna wa masu bincike cewa mamacin ne ya fizgo akwatin ƙasa da ganganci, sauran suka biyo. Na-Sani ya karɓi aikin ko gezau. A ganinsa gawa ba ta musu, ɗan dako kuma ko da ransa wa ke jin tasa?

Ciki warin danshi ne da fitsarin ɓera. Ƙwan lantarki ɗaya ke ci. Kantoci sun miƙe hagu da dama har rufi, cike da akwatunan katako. Ya auna abin da ya rage masa, ya ja benci tsakiyar hanya, daidai inda siminti ya yi wani baƙin tabo, don daga nan ake ganin komai sosai. Ya taka tabon da takalmi, ya zauna, ya buɗe kwamfuta.

Ga siton nan a allo, komai a wurinsa, har da ɗan mutum-mutumi a tsakiyar hanya. In aka saki akwatuna gaba ɗaya, ko makaho zai gane ƙarya ce. Saboda haka ya rubuta cewa kowanne ya jira na gabansa, ya sa tazarar daƙiƙa biyu. Na ƙasa ne zai fara. Ya danna.

A allo, na sama ne ya faɗo, can wajen ƙofa.

"Wane irin shirme ne wannan?" Ya yi tsaki.

Gum!

Wannan ba daga kwamfuta ya fito ba. Bencin ma sai da ya girgiza.

Ya waiga. Akwati ne a ƙasa wajen ƙofa, ya tarwatse.

A allo na biyu ya faɗo. Gum! Na biyu a bayansa. Sannan na uku, ya fi na da kusa da shi. Kowanne yana jiran ɗan'uwansa, daidai yadda ya rubuta.

Warin wurin ya sake. Yanzu zufa yake ji, irin ta wanda ya wuni da kaya a ka. Wani numfashi mai sanyi ya taɓa masa ƙeya.

"Ba daga ƙasa aka fara ba," in ji wata murya a hankali. "Mu muna nan. Mun gani."

Ya danna tsayarwa, ba ta tsaya ba. Ya yi ƙoƙarin goge umarnin, ko harafi bai gogu ba. Sai yanzu ya lura mutum-mutumin allon ba a tsaye yake ba. A zaune yake kan benci.

Gum!

Guntun katako ya doke shi a idon sawu.

Wuri ɗaya ne kawai ya karɓi rubutu: gurbin tazara. Ya ɗora yatsa a kan sifili, ya danne, bai ɗaga ba, sifili na ta jeruwa a bayan biyun da ya sa.

Shiru.

Gari-garin ruɓaɓɓen katako na zubo masa a hannu. Ya ɗaga kai.

Akwati ne a saman kansa. Ya rabu da kanta. Ba abin da ke riƙe da shi.

"To," in ji muryar. "Ma jira."

Da rarrafe ya fita, yana haye fasassun akwatuna, gwiwa duk jini. A waje babu mota babu mai ita. Jarumin tun ƙarar farko ya cika wa wandonsa iska.

Da safe ma'aikata suka tarar da kwamfutar a kan benci, ta mutu murus, sama kuma ba komai. Hoton bai je gaban masu bincike ba.

Na-Sani ya kwance fankar ɗakinsa, ya sauke duk abin da ke kan sif. Ba ya bi ta ƙarƙashin bene, ba ya zama gindin itace. Yakan wuni yana lissafin abin da ba shi da amsa, don bai ƙirga sifilin da ya danna ba. In kaɗan ne, watanni ke nan. In da yawa, shekaru.

Wata yamma matarsa ta same shi a tsakar gida, ya kafa wa sararin sama ido.

"Maigida, ba ka ce abin ya wuce ba?"

"Ban soke shi ba," ya ce da raɗa. "Tazara kawai na ƙara."